Magulmacin da Na Haɗa da Hannuna

A ofishinmu ni na fi kowa daɗewa, shi ya sa ake ce mini Yaya. Ba wai na girme su sosai ba ne, kuma ba zan rantse na fi su sani ba. Shekara tara dai ina zaune a teburin da ke jikin taga, duk wanda ya zo ya tarar da ni a wurin sai ya ɗauka da ni aka haƙa harsashin ginin. Ban taɓa gyara wa kowa wannan zato ba.

Mu bakwai ne. Aikinmu wata manhajar waya ce da mutane ke kama layin ganin likita da ita, don kada mutum ya je asibiti ya wuni a kan benci. Manhajar ba a kan kwamfutocinmu take zaune ba. Tana kan sabobin wani babban kamfani da muke haya, manyan kwamfutocin da ba mu taɓa gani da ido ba. A bakin masu aikinmu, gajimare ke nan. Ni ke kula da namu gajimaren. Idan gwaggona ta tambaye ni aikina nakan ce kwamfuta, ta ce Allah ya taimaka, mu wuce wurin.

Matsalar ta fara ne a hankali. Duk ranar Alhamis da tsakar rana sai manhajar ta ɗauke. Ba ta jimawa, minti bakwai ko takwas, sai ta dawo da kanta kamar ba ita ba. Amma minti takwas sun isa wanda ke tsakiyar kama layi ya rasa gurbinsa, sun kuma isa Anti, matar da ke amsa wayar jama'a, ta sha faɗan da zai ishe ta mako guda. Tana ajiye waya sai ta juyo da kujerarta ta kalle ni ta saman tabarau. Ni kuma sai in tsananta buga madannai don a ga ana aiki.

A raina na riga na san mai laifi. Akwai wata abokiyar aikinmu da ta zo wata biyar da suka wuce, har yau Sabuwa ake ce mata duk da an ɗauki wani bayanta. Ba ta da yawan magana, kuma tana da wata ɗabi'a ta karanta saƙon kuskure har ƙarshe kafin ta buɗe baki, abin da ni na daina tun tuni. Ranar Alhamis da safe take ɗora sabon aikin da ta rubuta a kan saba. Kafin zuwanta manhaja ba ta ɗaukewa. Bayan zuwanta tana ɗaukewa, kuma a ranar da take ɗora aiki. Ban ga abin da ya rage a bincika ba. Na dai buɗe rajistar gajimare sau biyu, inda ake rubuta duk abin da ya faru, layi dubbai. Layukan da sunanta ke ciki kaɗai na karanta. Ban samu komai ba, sai na ce a raina yarinyar nan ta iya ɓoye sawu.

Ranar wata Juma'a Manaja ta tara mu a ɗan ɗakin taron da fankarsa ke ƙara. Mace ce da ba ta ɗaga murya, sai dai ta ajiye biro a kan tebur ta jira.

"Asibiti biyu sun kira ni jiya," ta ce. "Yaya, wata huɗu ke nan. Me ke kashe mana manhaja?"

Kafin in gama gyara murya Sabuwa ta ɗaga hannu kaɗan. "Ranki ya daɗe, ina ganin a duba ayyukan da ke tashi da kansu a kan lokaci. Tunda kullum kusan lokaci ɗaya ne."

Na yi murmushi irin na wanda ya ga jiya. "Waɗannan ni na san su," na ce. "Shekara da shekaru suna nan, ba su taɓa ba mu matsala ba. Abin da ya canza shi ake dubawa."

Ta sauke hannunta. Na ji daɗin yadda maganar ta fita, har na maimaita ta a raina.

Daga nan na kawo shawarata. Na ce manhajar hirar da muke amfani da ita a ofis tana iya ba mutum wani adireshi na musamman, dogo kamar igiyar shanya. Sai ka ɗauki adireshin ka ba gajimare, ka ce masa duk abin da ya faru a wurinka, aiko da takarda nan. An kunna saba, an kashe ta, an goge wani abu, nan take saƙo zai faɗo a zauren hirarmu, da lokaci da sunan wanda ya yi. Wannan shi ake kira webhuk. Da na zo kan "sunan wanda ya yi" na sassauta murya, na kalli bango, bangon da ke bayan Sabuwa.

"Kwana nawa?" Manaja ta tambaya.

"Aikin rabin awa ne, ranki ya daɗe."

Da yamma na isa gida na tarar da matata a teburin cin abinci, ta baza littattafan ɗalibanta tana maki da jan biro. Malamar lissafi ce. 'Yarmu ta fari na gefe tana fama da nata aikin gidan, ƙaramin kuma yana ƙarƙashin tebur yana tura takalmina kamar mota. Na zauna na yi musu bayanin webhuk tiryan-tiryan, har da zane a bayan wata ambulan.

"Wato magulmaci za ka ɗauka aiki," in ji matata, ba ta ko ɗago ba.

"Ba gulma ba ce, sa ido ne."

"To. Ka tambaye ta?"

"Wa?"

"Yarinyar da kake son kamawa."

"Ni ban ce ina son kama kowa ba."

"Abban yara, tun da ka cire takalmi sau huɗu ka ambace ta."

'Yata ta ce sau biyar ne. Na ce mata ta mai da hankali kan littafinta, manya na magana.

Ranar Litinin na zo da wuri. Na shiga manhajar hira, na buɗe sabon zaure, na karɓi adireshin, na kai shi gajimare na liƙa. Na rubuta fasalin saƙon da za a riƙa aikowa, na raɗa wa mai kawo saƙon suna Mai Gadi, har na sa masa hoton tocila. Na danna gwaji. Babu abin da ya faɗo a zaure. Gajimare ya nuna mini lamba ɗari huɗu, wadda ke nufin takardarka ta isa amma ba a gane rubutunka ba.

Na sake dannawa, ko zai canza ra'ayi. Ɗari huɗu. Na goge adireshin na karɓi sabo. Ɗari huɗu. Na kashe kwamfuta na kunna, na canza kujera, na je na wanke fuska. Rabin awar da na yi wa Manaja alkawari ta haihu ta zama awa uku. Na fara tsara yadda zan ce kamfanin gajimaren ne ke da matsala yau.

Sabuwa ta zo wucewa da kofinta za ta ɗebi ruwa. Ta ɗan tsaya a bayana, ba ta fi numfashi biyu ba.

"Yaya, kamar akwai waƙafi a ƙarshen layi na shida, kafin alamar baka ta rufewa. Gajimare ba ya son wannan."

"Eh, shi nake kallo," na ce.

Na jira sai da ta yi nisa sannan na nemo layi na shida. Na cire waƙafin, na danna, saƙo ya faɗo: "Gwaji daga Mai Gadi." Na miƙe tsaye na gyara wando, na sanar da ofis cewa an gama.

Saura zaɓen abubuwan da za a riƙa sanar da mu. Gajimare ya jero mini akwatuna sittin da uku, kowanne da irin abin da yake kawowa. Na ce wanda ke son kama ɓarawo ba ya barin ƙofa ko ɗaya, na danna "zaɓi duka", na sa kowa na ofis a zauren, na tafi gida da ƙarfin gwiwa.

Ban san gajimare ba ya hutawa ba. Ashe kowane minti yana da abin faɗa. An ajiye kwafin bayanai. An gama ajiye kwafin bayanai. An duba lafiyar saba, lafiyarta ƙalau. An sake dubawa, har yanzu ƙalau. Kafin ƙarfe goma na safiyar Talata saƙo ɗari uku da goma sha biyu sun shigo. Wayoyi bakwai suna kuka tare kamar kwaɗi bayan ruwa. Manaja na ɗakin taro da baƙi biyu daga wani asibiti, ta kife wayarta a kan tebur don ladabi, wayar ta yi ta rawa tana matsawa har ta faɗa cinyar baƙo.

Anti ta cire abin kunnen da take amsa waya da shi ta ce, "Yaya, wannan ba mai gadi ba ne, magulmaci ne. Ko atishawa aka yi sai ya kai rahoto."

Ban gaya mata a gida ma haka aka ce ba. Sunan dai ya bi shi daga ranar, har wani ya canza masa hoton tocila zuwa na kunne.

Na zauna na tace. A nan kam, ba yabon kai ba, na yi aiki mai kyau. Daga sittin da uku na dawo da su biyar: idan aka kashe ko aka sake kunna saba, idan aka goge wani abu, idan aka canza izinin wani, idan ma'ajiya ta kusa cika, sai na biyar wanda na fi alfahari da shi, idan wani ya taɓa saitin sanarwar kanta. Na tsaya a tsakiyar ofis na yi bayanin wannan na ƙarshen. "Don kada wani ya zo a ɓoye ya toshe masa baki," na ce. Wannan karon silin na kalla.

Zaure ya yi tsit. Laraba saƙo biyu kacal suka shigo, kuma duk masu amfani. Manaja ta ce ba laifi. Daga bakinta wannan babban yabo ne.

Alhamis na sa rigar da nake sawa idan za a ɗauki hoto. Da safe Sabuwa ta ɗora aikinta kamar kullum. Wajen sha biyu da kwata na haɗa shayi, na juya kujerata ta fuskanci ofis, na riƙe kofi da hannu biyu. Har na tanadi abin da zan faɗa. Ba zan kunyata ta ba. Zan ce kowa na kuskure, mu ma da muna sababbi mun yi, abin da ake so shi ne mutum ya riƙa tambayar na gaba da shi. Na so a ga dattakuna.

Sha biyu da rabi daidai wayoyi bakwai suka yi ƙara. Na bar su su fara karantawa. Na kurɓi shayi, sannan na ɗauki tawa a hankali.

"An sake kunna babbar saba. Lokaci: 12:30. Wanda ya yi:" sai sunana. Cikakke, har da na mahaifina, ba kuskuren harafi ko ɗaya.

Na karanta sau uku. Da na ɗago, idanun 'yan ofis na kaina, wayar Anti kuma ta fara ruri. Sabuwa ce kaɗai ba ta kalle ni ba, allon kwamfutarta take kallo kamar an rubuta mata wasiƙa a ciki.

"An shiga akawun ɗina," na ce. Muryata ta fita da ƙarfi fiye da yadda na so. "Wani ya saci kalmar sirrina. Kun dai ga ban taɓa komai ba."

"Hannunsa na kan kofi, ni shaida ce," in ji Anti, sannan ta ɗaga waya ta fara ba da haƙuri.

Manaja ta fito ta tsaya a ƙofarta. "Idan an shiga akawun ɗinka, wannan ya fi ɗaukewar manhaja muni. Ka canza kalmar sirri yanzu. Kafin a tashi ina son in san ko wane ne."

Na canza. Na buɗe rajista, wannan karon na nemi layukan da nawa sunan ke ciki. Ba daga wata ƙasa aka shigo ba, ba ma daga wata kwamfuta ba. Umarnin ya fito ne daga cikin gida, daga jadawalin ayyukan da ke tashi da kansu a kan lokaci, waɗanda na ce ni na san su. Na buɗe jadawalin. Ayyuka goma sha huɗu ne. Na goma sha ɗaya sunansa: "na wucin gadi, zan cire in na dawo hutu."

Na san rubutun. Babu wanda ke raɗa wa aiki suna haka sai ni.

Abin ya dawo mini dalla-dalla. Shekara biyu da suka wuce mahaifina zai yi aikin ido, na ɗauki hutun sati biyu don in zauna da shi. A lokacin saba kan yi nauyi idan ta kwana bakwai ba a sake kunna ta ba. Maimakon in nemi dalili, sai na rubuta ɗan aikin da zai riƙa kashe ta ya kunna duk Alhamis da sha biyu da rabi na dare, lokacin da ba mai neman likita ta waya. Na rubuta 12:30. Agogon saba na awa ashirin da huɗu ne, a wurinsa 12:30 rana ce tsaka. Abin da ya rufa mini asiri a wancan lokaci shi ne wani kuskuren nawa: na saita jadawalin ba daidai ba, rabin ayyukan ba sa tashi ko kaɗan, har da wannan. Na dawo hutu na ci gaba da sake kunna saba da hannuna idan na ji ta yi nauyi, na manta da shi.

Sai Sabuwa ta zo. A watanta na farko na rasa abin da zan ba ta wanda ba zai sa ta shiga harkata ba, sai na ce ta je ta gyara jadawalin nan, wasu ayyukan ba sa tashi. Na ɗauka zai cinye mata wata biyu. Ta gyara shi a kwana huɗu. Duk ayyukan da ke barci suka farka, nawa ma ya farka ya kama aikin da na sa shi, duk Alhamis, ba fashi.

Ashe dai zargina da ƙamshin gaskiya. Zuwanta ne ya jawo. Ta yi abin da na sa ta, kuma ta yi shi da kyau.

Na zauna ina kallon layin. Na leƙa hagu, na leƙa dama, kowa na harkarsa. Wani tunani ya zo mini, mai sauƙi, mai daɗi. In goge aikin, manhaja ta daina ɗaukewa, in ce tun da na canza kalmar sirri ɓarawon ya gudu. Babu wanda za a zarga, ba wanda zai ji ciwo. Har na gaya wa kaina wannan shi ne zaman lafiyar ofis. Na danna goge. Ya tambaye ni ko na tabbata. Na ce na tabbata.

Wayoyi bakwai suka yi ƙara.

"An goge wani aiki daga jadawali. Sunan aikin: na wucin gadi, zan cire in na dawo hutu. Abin da yake yi: sake kunna babbar saba duk Alhamis 12:30. Wanda ya ƙirƙira:" sunana. "Wanda ya goge:" sunana.

Ni na tsara fasalin saƙon nan da hannuna. Ni na ce ya riƙa kawo cikakken bayani, don kada mai laifi ya samu wurin musu.

Abin da na yi bayan wannan ba ni da hujjarsa. Hannuna ne ya tafi da kansa zuwa saitin sanarwa, ya danna dakatar. Ban san me nake tsammani ba, saƙon ya riga ya shiga wayar kowa. Kafin ya yi shiru, Magulmaci ya samu ya aiko da na ƙarshe: "An dakatar da sanarwa. Wanda ya yi:" kun san sauran.

Anti ta kife kanta a kan tebur, kafaɗunta na rawa. Wanda ke zana mana fuskar manhaja ya tashi ya fita baranda da sauri, muna jin dariyarsa ta taga. Manaja ta sake fitowa, waya a hannu, ta karanta saƙonnin biyu a tsaye ba gaggawa.

"Yaya," ta ce, "ɓarawon ne ya dawo?"

Na miƙe. Ban san me ya sa na miƙe ba, kamar ɗalibin da aka kira sunansa. Na ce babu ɓarawo. Na ba da labarin tun daga aikin idon mahaifina har zuwa agogon awa ashirin da huɗu. Na so in tsaya a nan, amma ta ajiye biro a kan teburina ta jira, sai na ƙarasa: na goge ne don kada a gane, na kuma dakatar da sanarwar ne don na ruɗe. Da na faɗe shi da baki sai na ji ya fi yadda yake a raina ƙanƙanta da ban kunya.

"Ka mayar da sanarwar," ta ce. "Abu ne mai amfani, yau ya nuna. Sannan Anti ta sha faɗan wata huɗu a kan abin da ba ta sani ba. Ka karɓe ta a waya zuwa tashi, ta huta."

Anti ta miƙo mini abin kunnenta da hannu biyu kamar mai miƙa kyauta, ta koma teburina na jikin taga ta miƙe ƙafa.

Kira goma sha tara na amsa. Na ɗauka bayanin fasaha zai taimaka, sai na fara yi wa wata mata bayanin saba, ta ce ita ba saba ta tambaya ba, layin ɗanta ta tambaya. Wani dattijo ya ce sati uku yana neman gurbin likitan ƙashi, yau ya samu, yana cikin danna amincewa abin ya ɗauke, da ya dawo wani ya ɗauka. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ɗana, ni dai gwiwar ce ke hana ni barci." Na nemi lambarsa, na kira asibitin da kaina, na yi ta roƙo har suka matsa masa wuri ranar Litinin. Wata huɗu ina kiran abin nan minti takwas kawai. A kujerar Anti ban sake cewa kawai ba.

A gida na yi niyyar in ce aiki lafiya. Matata ta kalli rigar hoton da ta jiƙe da gumi ta ce, "An kama?"

"An kama."

"Ita ce?"

Na ce a ba ni ruwa tukuna. Ta kawo ruwan, ta zauna, ta rufe littafin da take maki. Na ba ta labari. Ta yi ƙoƙari, ta riƙe fuskarta har zuwa inda na danna dakatar, a nan ta tashi ta shiga kicin wai za ta duba tukunya, alhali ba a ɗora komai ba. Da ta dawo tana share ido ta ce, "Ka ba yarinyar mutane haƙuri. Ba a tsaye ba, kuma ba cikin wasa ba."

Washegari na jira sai lokacin hutun rana, ofis ya rage mutane. Sabuwa na teburinta tana cin abincin da ta zo da shi a ɗan kwano. Na jawo kujera na zauna. Na yi ta kewaye-kewaye a kan yanayin aiki da matsin lamba, tana saurare tana tauna. Daga ƙarshe na ce na zarge ta, kuma don ita na haɗa abin nan, ta yi haƙuri.

"Na sani," ta ce. "Duk ofis an sani, Yaya. Bangon bayana ba shi da abin kallo."

"Kin san aikin nawa ne?"

"Sati shida ke nan da na gan shi."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Na faɗa a taro."

"Kin ce a duba. Ba ki ce nawa ba ne."

Ta ajiye cokali. "Da na ce naka ne a gaban Manaja, da yanzu muna gaisawa? Kuma ba ni da izinin goge aikin da ka ƙirƙira. Na so in same ka kai kaɗai, sau biyu ina zuwa kana ce mini kana da uzuri." Ta matsar da kwanon gefe. "Ni ma da laifina. Ya kamata in nace, ko in je wurin Manaja. Anti ce ta sha wahalar kunyata."

Ban zaci za ta ɗauki kaso ba, kuma ban ji daɗin yadda na yi saurin son miƙa mata shi ba. Na ce a'a, nawa ne duka. Ta ce to, ba ta yi gardama ba.

"Amma akwai sauran aiki," ta ce. "Tunda ka goge shi, saba za ta koma yin nauyi. Gara mu nemo abin da ke cinye mata ƙarfi tun asali."

Kwana uku muka yi a kai, kujera biyu a teburi ɗaya. Na ƙara abu na shida a cikin sanarwa, ya riƙa gaya mana idan nauyin saba ya haura kashi saba'in, da wannan muka bi sawu. Ashe wani ɓangare ne da ke aika wa marasa lafiya saƙon tuni, yana buɗe hanya zuwa ma'ajiyar bayanai ba ya rufewa. Ita ta gano, a layi na ɗari biyu da wani abu. Na duba wanda ya rubuta layin da fargaba. Wani ne da ya bar aiki tun kafin cutar idon mahaifina. Na yi ajiyar zuciya da ƙarfi har ta juyo ta kalle ni.

A rahoton da na kai wa Manaja na rubuta "mun gano". Ta karanta ta ce, "Ku su wa?" Na ce Sabuwa ce, ni na riƙe mata linzamin kwamfuta. Ta gyara da bironta, ta kuma ce daga yau izinin jadawali ya zama na mutum biyu.

Sannan ta ce in rubuta wa sauran ma'aikata yadda ake haɗa webhuk, mataki-mataki, don ranar da ba na nan. Na zage na rubuta shafi goma sha ɗaya, da gabatarwa da tarihin abin da shawarwari ga masu tasowa. Na ba Sabuwa ta duba mini kurakuran rubutu. Ta dawo da shi shafi ɗaya da rabi, da hotuna uku. Nata aka liƙa a zauren hira, shi kowa ke bi. Nawa yana nan a kwamfutata, idan akwai mai so.